Mai Kallo a Matsayin Shaida: Tarken Zubin Wasan Columbo

1. Gabatarwa

Wasan kwaikwayon telebijin da ake kira Columbo yana daga cikin wasannin binciken kisan kai da suka fi zama a zukatan masu kallo a ƙasashen da ake jin Faransanci. Marubuta biyu ƴan Amurka, Richard Levinson da William Link, su ne suka ƙago shi. Peter Falk ya fara fitowa a matsayin laftanan Columbo na ƴan sandan Los Anjeles a shekarar 1968. Tashar NBC ta riƙa nuna wasan daga 1971 zuwa 1978, sannan tashar ABC ta farfaɗo da shi daga 1989 har zuwa 2003. Idan aka haɗa duka, kashi 69 ke nan. Yawancinmu ba da Ingilishi muka san shi ba. Muryar da ta zauna mana a kunne ta Serge Sauvion ce, wanda ya ara wa Falk baki da Faransanci, saboda haka sunayen kashin da za mu ambata a nan na Faransanci ne.

Abin da kowa ya sani game da wannan wasa shi ne ana nuna mai kisan tun daga farko. Masu sharhi sun saba ɗaukar wannan a matsayin dabarar zubi kawai, wato wata hanya ta jan hankali wadda ta bambanta da ta sauran wasannin ƴan sanda. A cikin wannan ɗan nazari za mu yi ƙoƙarin nuna cewa aikin dabarar ya wuce nan. Da zarar an sa mai kallo ya ga kisan da idonsa, an mai da shi shaida, kuma shaidar nan tasa ce take halatta wa ɗan sanda duk wata yaudara da zai yi daga baya. Wannan shi ne ƙashin bayan wasan, nan ne kuma ya kamata mai nazari ya tsaya ya duba da kyau.

2. Labarin da aka juya

A cikin maƙalarsa « Typologie du roman policier », wadda aka sake bugawa a littafin Poétique de la prose a 1971, Tzvetan Todorov ya nuna cewa labarin bincike na gargajiya (roman à énigme) labari biyu ne a haɗe: labarin laifi da labarin anketi. Na farko ya ƙare kafin na biyu ya soma, kuma a ɓoye yake. Aikin na biyu shi ne tono na farko. Mai karatu yana tafiya daga sakamako, wato gawa, zuwa sanadi, wato mai kisa. Abin da ke riƙe shi son sani ne.

Columbo ya ɗauki wannan tsari ya kifar da shi. Minti goma sha biyar ko ashirin na farkon kowane kashi, ko ma fiye, ba a ganin ɗan sandan sam. Ana tare da mai kisan: ana ganin dalilinsa, da shirinsa, da yadda ya tanadi hujjar cewa ba ya wurin, da yadda ya share sawunsa. Sai bayan komai ya lafa wata tsohuwar Peugeot 403 take tsayawa a ƙofar gida, wani mutum mai yamutsattsiyar rigar ruwa da guntuwar taba a baki ya fito yana laluben aljihu. Ba Levinson da Link ne suka fara wannan juyi ba. Marubucin Ingila R. Austin Freeman ya riga ya jarraba shi a littafinsa The Singing Bone na 1912. Su kansu marubutan biyu sun faɗi cewa sun ɗauko wani abu na halin tauraronsu daga Porfiri Petrovich, alƙalin bincike na littafin Crime et Châtiment na Dostoyevski, inda shi ma mai karatu ya san mai kisan tun daga farko. Wasan Derrick na Jamus, wanda tashar ZDF ta yi daga 1974 zuwa 1998, da irin wannan zubi ya soma, amma bai daɗe ba ya watsar ya koma ga ɓoye mai laifi. Columbo ya riƙe nasa, in ban da kashi ƙalilan.

Sakamakon farko na juyin a bayyane yake: tambayar « wa ya yi? » ta mutu, « yaya za a kama shi? » ta maye gurbinta. Sakamako na biyu shi ne wanda ba a cika kula da shi ba. A labarin bincike na gargajiya mai kallo da ɗan sanda jahilcinsu ɗaya, dukansu suna lalube, don haka idan ɗan sanda ya matsa wa wani mai kallo yana iya cewa a ransa: in fa ba shi ba ne? A Columbo wannan shakka ba ta da wurin zama. Mai kallo ya fi ɗan sandan sani. Ya ga hannun da ya ɗauki bindiga. Duk matsin da za a yi wa wanda ake zargi, a wurin mai kallo ya riga ya cancanta.

3. Ladabi a matsayin makami

Masu kisan Columbo ba ɓarayin unguwa ba ne. Likitoci ne, da marubuta, da masu kiɗa, da hafsoshin soja, da ƴan siyasa, da masu kamfani, mazauna manyan gidaje masu lambu da wurin wanka. Shi kuwa ɗan sandan ɗan talakawa ne, jinin Italiyawa, mai yawan zancen matarsa wadda ba a taɓa nuna fuskarta ba. Ba ya ɗaukar bindiga. A kashin Réaction négative na 1974 ya shiga wani gidan ciyar da miskinai don ya yi wa wani shaida tambaya, sai wata ƴar zuhudu ta ɗauka shi ma miskini ne, ta kawo masa abinci, ta shiga nema masa riga mai ɗan kyau. A kan wannan bambanci na matsayi ne masanin zamantakewa Lilian Mathieu ya gina littafinsa Columbo : la lutte des classes ce soir à la télé na 2013, inda ya karanta wasan a matsayin ramuwar na ƙasa a kan na sama.

Akwai gaskiya a wannan karatu, amma a ganinmu bai kai ƙarshen zancen ba. Columbo yana kama da talaka, sai dai bayansa akwai hukuma gaba ɗaya: ɗakin gwaje-gwaje, likitan binciken gawa, takardun banki da na kamfanin tarho, da ƴan sanda masu kaki da ke jira a bakin ƙofa. Attajirin da yake fuskanta shi kaɗai yake, ba shi da wanda zai gaya wa sirrinsa. Idan aka auna ƙarfi da gaske, mai rigar ruwan ne babba. Ƙanƙantar da kai da yake yi sutura ce ta aiki.

Wasu daga cikin ɗalibanmu sukan kwatanta shi da Gizo na tatsuniya, ƙarami mai wayo da ke kayar da zaki da kura. Kwatancen yana da daɗin ji, amma bai zauna ba. Gizo don cikinsa yake wayo, kuma doka yake ƙetarewa, alhali Columbo wakilin doka ne. Abin da ya fi kusa da shi a tunanin Bahaushe shi ne bafadan da ya iya magana a gaban sarki: ya durƙusa, ya yi gaisuwa, ya yaba, ya nemi gafara, sannan a cikin neman gafarar ya ajiye maganar da ba mai iya ɗagawa. Columbo yakan yaba takalmin wanda yake zargi ya tambayi kuɗinsa. Yakan ce matarsa tana son littattafansa ko waƙoƙinsa. Yakan yi sallama ya kai bakin ƙofa, sai ya dafa goshi ya juyo, wai saura ɗan abu ɗaya. Wannan juyowa ita ce tambayar gaskiya, duk abin da ya gabace ta shimfiɗa ce. Kuma saboda shimfiɗar ta ladabi ce, babban mutum ba ya iya korarsa ba tare da ya zubar da girmansa ba. Har ma yakan shiga taya shi bincike, yana kawo masa bayani a kan kowace tangarɗa, kuma yawan bayanin nan ne yake ɗaure shi.

A nan fassarar Faransanci ta ƙara wa wasan wani abu. Ingilishi ba ya bambanta « tu » da « vous ». A bakin Sauvion kuwa, « vous » da « monsieur » ba sa yankewa har lokacin da ake tafiya da mutum komisariya. Mai jin Faransanci yana jin tazarar girmamawa a cikin kowace jimla, har a cikin wadda ke kai mutum kurkuku.

4. Hujja da tarko

Yanzu sai mu duba yadda kashi-kashi suke ƙarewa, domin a nan ne maganarmu take da nauyi. Ba duka ne suke ƙarewa iri ɗaya ba.

A Plein cadre na 1971, Dale Kingston, mai sharhin zane-zane, ya kashe kawunsa ya sace zane biyu na Degas, daga baya ya ɓoye su a gidan tsohuwar matar mamacin don laifin ya faɗa kanta. Abin da ya manta shi ne, wata rana a gidansa Columbo ya zura hannu cikin jakar da zanen suke. Da aka sami tambarin yatsun Columbo a jikinsu, Kingston ya ce ai yanzu ya taɓa su. Columbo ya zaro hannuwansa daga aljihu, ga su cikin safar hannu. Wannan hujja ce tsarkakakkiya. Ta wanzu kafin a kafa wani tarko, kuma kowane alƙali zai iya dubanta ya gane. Ba don komai ake yawan ambaton wannan ƙarshe a cikin mafi kyau ba.

Le Livre témoin, wanda Steven Spielberg ya ba da umarninsa a 1971 yana saurayi, ya sha bamban. Ken Franklin ya kashe abokin rubutunsa Jim Ferris. Abin da Columbo ya samu a ƙarshe wata ƴar takarda ce da mamacin ya rubuta shekaru da suka wuce, mai ɗauke da dabarar kisa irin wadda aka yi amfani da ita a kansa. Marubucin labaran bincike ya rubuta dabarar kisa a takarda, mene ne abin mamaki a ciki? Ko lauya sabon shiga zai wargaza wannan. Abin da ya rufe shari'ar shi ne Franklin da kansa ya amsa, cikin alfahari, cewa dabarar tasa ce. Mai kallo ba ya jin raunin hujjar, domin shi ba hujja yake jira ba. Yana jiran mutumin ya faɗi abin da shi ya riga ya gani.

Sai kuma kashin da hujjar ba ta wanzu ba sai da ɗan sanda ya haife ta. A Réaction négative, mai ɗaukar hoto Paul Galesko ya kashe matarsa ya shirya abin kamar sace ta aka yi. Columbo ya sa aka wanke hoton matar a juye, da gangan, yadda agogon da ke cikin hoton zai nuna wani lokaci dabam, ya kuma ce hoton asali ya lalace. Galesko, ƙwararre ne ba ya jure kuskure, ya miƙe ya nufi kanta inda aka jera kyamarori da yawa, ya ɗauko wadda aka ɗauki hoton da ita don ya nuna fim ɗin ciki. Ba wanda ya gaya masa wace ce. Columbo ya juya ga ƴan sandan da ke ɗakin ɗaya bayan ɗaya yana tambayar ko sun shaida abin da ya faru. Ƙarya biyu ke nan aka yi wa wanda ake zargi, da hoton jabu, a cikin komisariya. Abin lura shi ne wasan kansa kamar ya ji nauyin abin: bayan an fita da Galesko, an bar Columbo zaune a bakin tebur, kafaɗa a sake, ba alamar murna.

A Quand le vin est tiré na 1973 abin ya fi haka laushi, ya kuma fi haka nisa. Adrian Carsini, mai gidan yin giyar inabi, ya ɗaure ɗan'uwansa a rumbun ajiyar giya, ya kashe na'urar iska, ya tafi New York. A bayansa zafi ya kai kimanin digiri 43, abin da mutumin Tawa zai kira ranar Afrilu kamar kowace, amma ya isa ya lalata giya mai tsada. Columbo ya ɗauke kwalba ɗaya daga rumbun ba da sanin mai ita ba, ya shirya aka kawo ta a teburin gidan abinci. Carsini ya kurɓa ya tashi da faɗa cewa zafi ya taɓa wannan giya, abin da harshe kaɗan ne a duniya zai iya ganewa. Da bakinsa ya tabbatar da abin da ya faru a rumbunsa. A ƙarshe su biyun suna zaune cikin mota suna sha tare, kamar aminai. Donald Pleasence ya buga wannan rawa da kyau har mai kallo yana tausaya masa. Duk da haka, in aka cire tausayi da kiɗa, abin da ya rage shi ne ɗan sanda ya ɗauki kayan mutum a ɓoye ya kafa masa tarko da su.

Mafi ƙarfin misali shi ne En toute amitié na 1974, domin a nan mai kisan shugaban Columbo ne, mataimakin kwamishinan ƴan sanda Mark Halperin. Ya taimaki maƙwabcinsa ya ɓoye kisan matarsa, sannan ya kashe tasa matar, ya nemi ɗora duka a kan wani tsohon ɓarawo mai suna Artie Jessup. Columbo ya canza adireshin da ke cikin dosiyen Jessup ya sa na wani ɗaki da shi kansa ya kama haya. Halperin ya leƙa dosiyen, ya je ɗakin ya ɓoye kayan adon da aka sace, ya dawo da ƴan sanda a yi bincike. Aka sami kayan, sai Columbo ya shiga buɗe durowa yana nuna rigunansa. Babu wanda ya ga wannan adireshi sai Halperin. Kashin yana nuna ɗan sanda mugu yana dasa hujjar ƙarya, da ɗan sanda nagari yana gurɓata takardar hukuma. Hanyoyin biyu ƴan uwan juna ne. Abin da ya raba su a idon mai kallo shi ne mintocin da a cikinsu ya ga wa ya yi kisa. A ɗauke waɗannan mintoci, a nuna wa mutum sauran, zai ga jami'ai biyu ne kowa yana shirya wa wani gadar zare.

5. Inda kyamara take tsayawa

Wasan yana ƙarewa ne a daidai lokacin kamu. Ba a bin mai laifi kotu, ba a jin lauyansa. Wannan yanke ba na ganganci ba ne, domin kotu ita ce wurin da ake tambayar yadda aka samo hujja, kuma alƙali bai kalli farkon fim ba.

A nan akwai bambancin doka da ya kamata mai karatu na ƙasarmu ya riƙe. A Amurka, Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Frazier da Cupp ta 1969 cewa ƙaryar da ɗan sanda ya yi wa wanda ake zargi lokacin tambayoyi ba ta isa ita kaɗai ta rushe iƙirarinsa ba. Ke nan dabarun Columbo suna da ɗan gindi a ƙasar da aka haife su. A tsarin Faransa, wanda dokar shari'ar laifuka ta Nijar ta samo asali daga gare shi, binciken kisa yana hannun alƙalin bincike (juge d'instruction), kuma akwai ƙa'idar riƙon amana wajen neman hujja (loyauté de la preuve). A 2015 babban zaman Kotun Ƙoli ta Faransa ya yi watsi da hujjar da aka samu ta hanyar ajiye mutum biyu a ɗakunan tsaro maƙwabta da aka dasa wa na'urar naɗar magana, saboda dabara ce ta sa mutum ya ɗaure kansa da bakinsa. Da wannan ma'auni, da wuya hoton Galesko ko kwalbar Carsini su tsallake. Haka kuma wanda ya yi karatun Risala ya san cewa a fiƙihun Malikiyya jini yana tabbata ne da shaidu adalai, ko iƙirari, ko rantsuwar ƙasama. Abin sha'awa, Columbo yana cika biyu daga cikin ukun ta hanyarsa: iƙirari daga bakin mai kisa a ƙarshe, shaida adali kuma shi ne mai kallo a zaune a gidansa.

Ba muna cewa wasan ya gaza ba ne. A fagen rubutun tattaunawa tsakanin mutum biyu, kaɗan ne a telebijin suka kamo shi, musamman kashin shekarun 1970, kafin na ABC su zo da ja da tsawo da wasa da hali fiye da kima. Abin da muke nunawa shi ne daɗinsa yana da farashi, kuma a ɓoye ake biya. Masu rubuta fim da Hausa, a Maraɗi ko Damagaram ko Kano, da ke sha'awar ɗaukar wannan zubi, ya kamata su san abin da suke ɗauka: ɗan sandan da ba ya kuskuren mutum, domin marubuci ya riga ya tabbatar masa. Falk ya sa wannan iko ya zama abin so saboda ya lulluɓe shi da kunya da tawali'u. A ba wa ɗan sanda mai tsawa da mari irin wannan tabbaci, a gaban masu kallo da suka san abin da tsare mutum a komisariya yake nufi, sai fim ɗin ya koma wani abu dabam ko da zubin bai canza ba.

Akwai kashi ɗaya da ya nuna iyakar wannan iko ta wata fuska. A La Femme oubliée na 1975, Janet Leigh ta fito a matsayin Grace Wheeler, tsohuwar tauraruwar fim da ta kashe mijinta likita saboda ya ƙi ba da kuɗin komawarta dandali. Columbo ya gano ita ce, ya kuma gano dalilin ƙin mijin: tana da ciwo a ƙwaƙwalwa wanda ba ya warkuwa, saura mata wata ɗaya ko biyu, kuma ta riga ta manta ta yi kisan. Tsohon abokin rawarta Ned Diamond ya ce shi ya yi. Columbo ya san ƙarya ce, ya gaya masa maganar ba za ta daɗe ba za ta rushe. Diamond ya nuna cewa za ta iya kai wata biyu, Columbo ya yarda. Ba mai gabatar da ƙara, ba alƙalin bincike, ba likitan kotu. Ɗan sanda shi kaɗai ya auna laifi, ya auna ciwo, ya yanke hukunci a bakin ƙofa, ya fita da mutumin da bai kashe kowa ba, aka bar Grace Wheeler a ɗakin silimarta tana kallon tsohon fim ɗinta.